Gani ya kori ji: wasannin bidiyo masu kama da gaske da idon zucin mai wasa

A 1981, lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan yake zana ɗan mutumin nan da duniya ta zo ta sani da suna Mario, na'urar wasan ba ta da ɗigon hoto da zai isa a fitar da baki a fuska. Sai ya yi masa gashin baki. Suma kuma dole a nuna tana motsi idan ya yi tsalle, sai ya kifa masa hula ya huta. Ya bambanta launin rigarsa da na wandonsa don a riƙa gane lilon hannunsa idan yana gudu. In ka tsayar da hoton ka ƙura masa ido, 'yan murabba'ai ne aka jera, ja da shuɗi da kalar fata. Amma duk yaron da ya taɓa wasan mutum ya gani, gajere mai zafin nama, wanda ake jin takaici idan ya faɗi. Na'ura ta ba da kaɗan, yaro ya cika sauran daga kansa. Mu da muka fara da macijin nan na wayar Nokia 3310 mun san haka: baƙin layi ne yake tafiya a kan koren allo, amma babu wanda ya taɓa kiransa layi.

A 2018 kamfanin Rockstar ya fitar da Red Dead Redemption 2, labarin 'yan fashi a kan dawaki a Amurkar 1899. Gemun jarumin yana tsirowa a hankali har sai ka kai shi wurin wanzami. Idan doki ya bi ta cikin taɓo, sawun kofatonsa yana nan a baya, laka kuma ta ɓata masa jiki sai an goge. Bindiga tana yin datti in ba a shafa mata mai ba. Ka harbi barewa ka bar ta a daji, ka dawo bayan kwanaki ka tarar ta ruɓe, ungulaye sun sauka. Irin wannan kama da gaske ba da alƙalami kaɗai ake samun ta ba. Ana sa wa 'yan wasan kwaikwayo kaya masu alamomi, kyamarori su ɗauki kowane motsi na gaɓɓansu da na fuskarsu, a ɗora wa mutumin cikin gem, wato wasan bidiyo. Dutse da bango da itace ana ɗaukar hotonsu ta kowace kusurwa a shigar da su kwamfuta. Daga 2018 kuma, da katin hoton (sashen kwamfuta mai sarrafa hoto) da kamfanin Nvidia ya fitar, kwamfutar gida ta fara lissafa yadda haske ke faɗawa kan ruwa ko gilashi ya dawo, nan take ana cikin wasa.

To, idan an zana wa mutum komai har da ƙurar takalmi, me ya rage wa idon zucinsa ya yi? Iyaye da malamai da yawa sun riga sun yanke hukunci: gem yana kashe tunanin yara. Ni ban tafi a kan haka ba. Damuwata ta fi wannan girma, kuma a wani wuri take.

Akwai abin da aka rasa, wannan gaskiya ne. A 1999 kamfanin Konami ya fitar da Silent Hill, wasan ban tsoro na wani uba da ke neman 'yarsa a wani gari da babu kowa. Na'urar PlayStation ta farko ba ta da ƙarfin nuna titi mai nisa, sai masu wasan suka rufe garin da hazo, ba ka ganin abin da ya wuce 'yan taku a gabanka. Suka kuma ba jarumin wata 'yar rediyo da ke fara shuuu idan wani mugun abu ya matso. Kana tafiya cikin farin hazo, rediyo ta fara ƙara, ba ka san ta ina abin zai ɓullo ba, ba ka san kamanninsa ba. A 'yan daƙiƙun nan zuciyarka ce ke ƙera abin tsoron, kuma ta fi kowane mai zane sanin abin da ke firgita ka. Da aka sake fitar da kashi na biyu na wasan a 2012 da hoto mai kyau, hazon ya ragu, gefunan da aka ɓoye suka bayyana, masoyan wasan suka yi ta ƙorafi cewa an ɓata shi. Hoto ya ƙaru, tsoro ya ragu.

Duk wanda ya taso da tatsuniya ya san wannan. Babu kakar da ta taɓa zana mana Dodo. Ta ce yana da gashi, yana cin mutane, ta yi murya mai kauri a cikin duhu, shi ke nan. Yara goma a kan tabarma ɗaya, Dodo goma ne, kowa da nasa, kuma na kowa daidai yake da tsoronsa. Ranar da aka zana shi aka nuna wa kowa, goman nan sun koma ɗaya.

Masu bincike sun gwada wannan tun kafin gem ya kai inda yake. A shekarun 1980 Patricia Greenfield da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun ba yara labari, wani a rediyo, wani a talabijin, suka katse shi kafin ƙarshe suka ce yaran su ƙarasa. Bayan rediyo yaran sun fi kawo sababbin abubuwan da babu su a labarin. Bayan talabijin sun fi jingina da abin da aka nuna musu. Hoton da aka kammala maka yana zama a wurin da naka zai zauna.

Sai dai talabijin kallo ne kawai, gem kuwa hannunka na ciki. A nan ne hukuncin iyayen ya yi gaggawa. Suranta abu a zuci aiki ɗaya ne daga cikin ayyukan tunani. Akwai kuma na cewa "in na yi kaza, me zai faru?", na shirya dabara, na gina abin da babu shi. Wannan bai dogara da kyan hoto ba ko kaɗan, ya dogara ne da yawan 'yancin da wasan ya bar maka.

Wasan da aka fi saya a tarihi ba mai kama da gaske ba ne. Minecraft ne, wanda Markus Persson na ƙasar Sweden ya fara fitarwa a 2009, Microsoft ta saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Komai a cikinsa tubali ne mai kusurwa huɗu: ƙasa, ruwa, tunkiya, har rana. Ba a ba ka labari ba, ba a ce ga inda za ka ba. Yara sun gina birane a ciki, wasu sun haɗa na'urar lissafi mai aiki da tubalan wasan. A zamanin da kamfanoni ke zuba ɗaruruwan miliyoyi don gashin gira ya fito ɗaya bayan ɗaya, yaran duniya sun zaɓi tubali, domin shi ne ya bar musu aikin yi. Linda Jackson ta Jami'ar Jihar Michigan ta bincika yara kusan 500 'yan shekara 12, sakamakon ya fito a 2011: waɗanda suka fi buga gem sun fi samun maki a gwajin ƙirƙira, kamar zane da tsara labari. Kada a ɗora wa binciken abin da bai ce ba. Ya nuna abu biyu suna tafiya tare, bai nuna wanne ya haifi wanne ba, mai yiwuwa yaro mai ƙirƙira ne ke son gem tun asali. Amma ya isa ya sa a yi hattara da maganar cewa gem na busar da kai.

Abin da na lura da shi a wasanni masu tsananin kama da gaske shi ne sau da yawa kyan hoton da 'yanci ake sayensa. Kowane ɗaki da za ka iya shiga sai an zana shi, an haska shi, an cika shi da kaya, wannan kuma kuɗi ne. Don haka sai ka ga titi mai ƙofofi ashirin, kowace da tsatsar makullinta, amma ɗaya ce ke buɗuwa. Jarumin da ya iya kayar da runduna, ɗan shingen da bai kai gwiwa ba ya tare shi. A wasan tubali babu wanda zai damu da wannan, domin tun farko an san wasa ake yi. Amma idan ƙofa ta yi kama da ƙofar gaske, hannu yana son ya tura ta, in ta ƙi sai sihirin ya karye. Masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya faɗi makamancin haka a 1970: abin da ya kusa zama mutum amma ya rage kaɗan ya fi 'yar tsana tayar da tsigar jiki. Kama da gaske alkawari ne, kuma duk yadda ya ƙaru, saɓa shi ya fi fitowa fili.

Idan kuma aka haɗa kyan hoto da 'yanci, sai a ga abin mamaki. Grand Theft Auto V ya fito a 2013 da birnin Los Santos, kwafin Los Angeles. Dubban masu wasa sun ajiye labarin da kamfani ya rubuta, suka buɗe nasu zaurukan a intanet inda kowa ke ɗaukar sana'a: wannan direban tasi, wannan ɗan sanda, wancan likita, wata lauya. Suna magana da muryar mutumin da suka ƙirƙira, suna kafa dokoki, suna shari'a. Wasan kwaikwayo ne da babu rubutaccen labari. Birnin ya zama dandali, labarin nasu ne. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa hoto mai kyau bai hana ƙirƙira ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tunani ba ya ƙirƙira daga babu. Da abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji yake gini, kuma gem yana da hanyar cusa hoto a kai wadda littafi ba shi da ita, domin ana maimaita shi awa bayan awa, hannu da ido da bugun zuciya duk suna ciki. A 2000 Robert Stickgold na Jami'ar Harvard ya sa mutum 27 suka buga Tetris, wasan nan na tubalai masu faɗowa da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Mutum 17 daga cikinsu sun ce da barci ya fara ɗaukar su sai suka riƙa ganin tubalan suna sauka. Biyar daga cikin mutanen suna da lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana su tuna abin da ya faru ɗazu. Uku daga cikin biyar ɗin nan su ma sun ga tubalan, alhali ba su tuna sun taɓa buga wasan ba. Hoton ya shiga, ya zauna, asalinsa kuwa ya ɓace. Angelica Ortiz de Gortari, da take bincike a Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila, ta tattauna da matasa 42 masu yawan buga gem a Sweden, aikin ya fito a 2011. Sun ba da labarin yadda abubuwan cikin wasa ke biyo su waje, wani ya ga alamar rubutu a saman kan mutane, wani yatsansa ya nemi madanni a inda babu madanni. Yawanci abin na ɗan lokaci ne, kuma sun san ba gaske ba ne.

Tetris bai yi kama da komai na duniya ba, saboda haka babu wanda zai ɗauki tubalansa a matsayin labarin duniya. Amma a ɗauki wannan ƙarfin cusawar, a haɗa shi da hoton da ba a bambance shi da na kyamara, me za a samu? Mutum zai riƙe hoton wuri, ya manta cewa wani ne ya zana masa shi.

Wani lokaci alheri ne. Masu bincike a Jami'ar Exeter sun gano a 2021 cewa waɗanda suka buga Red Dead Redemption 2 sun fi waɗanda ba su buga ba iya gane dabbobin Amurka na gaske a hoto, domin masu wasan sun yi aiki tuƙuru wajen kwaikwayon kamanni da halayen dabbobi kusan 200. Wani lokaci kuma abin yana tsaka-tsaki. A 2023 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da Assassin's Creed Mirage, ya mai da mai wasa Bagadaza ta ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. Kana ratsa kasuwa, kana jin kiran salla daga hasumiya, kana shiga Baitul Hikma inda ake fassara littattafai. Na yaba da aikin, domin ba kasafai ake nuna birnin Musulmi a gem a matsayin gidan ilimi ba. Amma zagayayyen birnin da Halifa Mansur ya kafa a 762 babu shi a doron ƙasa yau. Masu zanen sun tattaro shi ne daga bayanan littattafai da gine-ginen wasu garuruwa, suka cike giɓin da hasashe. Ɗalibin da ya karanta tarihin Abbasiyawa kafin wasan yana da Bagadazarsa a zuci, mai hazo-hazo, wadda ya san ƙiyasi ce. Bayan wasan yana da wata mai launi, mai inuwa, mai ƙarar tattabaru, kuma da wuya ya sake tuna cewa ita ma ƙiyasi ce, ta masu zanen wasan a birnin Bordeaux na Faransa. Gani ya kori ji, ko da abin da aka gani zane ne.

Wani lokaci kuwa abin ya munana. A watan Fabrairun 1991, a ƙarshen yaƙin Tekun Fasha, jiragen Amurka da ƙawayenta sun yi ruwan bama-bamai a kan jerin motocin sojojin Iraƙi da ke janyewa daga Kuwait ta hanyar Basra. Hotunan ƙonannun motocin sun zaga duniya, aka sa wa wurin suna Hanyar Mutuwa. A 2019 wasan Call of Duty: Modern Warfare ya fito da wani mataki mai wannan suna, da hanya cike da ƙonannun motoci a hamada, sai dai a labarin wasan Rashawa ne suka yi ɓarnar, a wata ƙasa ta ƙage mai suna Urzikstan. Da aka yi ca, masu wasan suka ce ai ƙasar ƙirƙirarriya ce. Haka ne. Amma saurayin da aka haifa bayan 1991, wanda bai taɓa karanta labarin yaƙin ba, ya kwanta a kan wannan hanyar da bindiga a hannu, ya ga hayaƙi, ya ji iska. In wata rana ya ji an ambaci Hanyar Mutuwa, wane hoto ne zai fara zuwa masa, kuma wa zai ɗora wa laifi? Ba sabon abu ba ne a yi amfani da gem wajen gyara tunanin matasa game da yaƙi. Rundunar sojan Amurka da kanta ta fitar da wasan America's Army kyauta a 2002 don jawo matasa shiga soja.

Mu ma ba mu tsira ba. Far Cry 2 na 2008 ya faru ne a wata ƙasar Afirka da ba a ba ta suna ba: yaƙin basasa, sojojin haya, lu'ulu'u a madadin kuɗi, jarumin kuma yana fama da zazzaɓin cizon sauro daga farko har ƙarshe. Resident Evil 5 na 2009 ya kai Bature jarumi wani gari na ƙage a Afirka yana harbin baƙaƙen mutanen da cuta ta mayar dodanni, abin da ya jawo suka tun daga tallarsa. An zana ƙurar daidai, rufin kwano daidai, hasken rana daidai. Daidaiton ƙananan abubuwan nan shi ke sa a yarda da babbar ƙaryar. Miliyoyin mutanen da ba za su taɓa taka nahiyar nan ba sun "zauna" a cikinta awanni masu yawa, ba su ga makaranta ba, ba su ga biki ba, ba su ga kasuwar da ake ciniki lafiya ba.

Batun kamu da gem, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtuka a 2019, magana ce ta daban da ta shafi 'yan kaɗan daga cikin masu wasa. Abin da nake magana a kai ya shafi har wanda ke wasa daidai misali.

Shiga gidan gem a Kano ko Zinder da yamma. Janareta na ruri a waje, talabijin huɗu ko biyar a jikin bango, yara a kan benci, biyu riƙe da hannun gem, goma suna jiran layi suna ba da shawara. Akasari ƙwallo ake bugawa, fuskokin 'yan wasan Turai har da zufar goshi. A gefe wani yana tuƙi a Los Santos, ya san kowace kwana, ya san inda ake sayar da makami, ya san hanyar filin jirgi ba tare da duba taswira ba. Waɗanda ba su zo ba suna gida da PUBG ko Free Fire a waya. Yaran nan kansu a buɗe yake, dabarunsu sun fi na manya da yawa. Abin da ke damuna shi ne idan ka ce wa ɗayansu ya suranta birni mai kyau, ko jarumi, ko mai kuɗi, ko maƙiyi, daga ina kayan ginin za su fito? Kusan dukkansu daga ɗakunan zane na Amurka da Kanada da Turai da gabashin Asiya.

Dalilin haka kuɗi ne, kuma kama da gaske ita ke tsawwala shi. Takardun kamfanin Sony da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna haɗa wasan The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai yi kasada da labarin da kasuwarsa ba ta saba da shi ba, sai ya maimaita abin da ya sayu jiya. Ke nan duk lokacin da aka ɗaga ma'aunin kyan hoto, masu ikon ba da labari suna raguwa, duniyoyin da ake nunawa suna ƙara kama da juna, masu kallonsu kuma suna ƙaruwa. Babu kamfani a Afirka ta Yamma da zai shiga wannan tsere yau.

Amma tseren ba dole ba ne. A 2016 wani ƙaramin kamfani a Yawunde ta Kamaru, Kiro'o Games, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, labarin wani sarki da matarsa da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu, suka fita neman hanyar dawo da gadon sarauta. Sun yi aikin cikin ɗaukewar wuta, da kuɗin da suka tara a hannun ƙananan masu zuba jari da jama'a ta intanet. Zane ne na hannu, shimfiɗaɗɗe, babu mai ɗaukarsa hoton kyamara, tufafi da sunaye da kiɗan ciki kuma daga al'adun Afirka aka ɗebo su. Bai yi cinikin manyan wasanni ba, bai ma kusa ba. Amma matasa 'yan kaɗan ne suka yi shi da kwamfutoci irin waɗanda ake samu a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma ganuwar Kano, da hawan Daba, da ayarin fatake zuwa Gwanja, da yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina, duk za su zanu da irin wannan kayan aikin.